TSOKAR KAFAƊAR JUMMAI

Shafi na 14

Bismillahi. Masu cika mini waya da "ina ci gaba", ga shi nan. Wanda ya ga ya yi masa gajere, ya karanta sau biyu.

*

Dakta Haliru ya ɗaga gefen mayafin Jummai, ya duba ɗinkin da ya yi mata a kafaɗar dama, ya danna gefe da gefe da ɗan yatsa.

"Da zafi, Inna?"

"Babu. Ciwon da ya rage min shi ne wanga tsoho." Ta nuna mijinta da haɓa. "Tun da kuka yanke ni ya hana ni daka, ya hana ni saƙar faifai. Ruwa ma shi ka ɗebo min. Rabi a tulu, rabi a ƙafar wandonai."

Likita ya yi dariya. Mijin, Bawa, bai yi ba. Yana zaune bakin benci, ya haɗa gwiwoyi kamar wanda aka kawo gaban alƙali, yana jiran tambayar da ya san za ta zo tun suna cikin mota daga Gwandu zuwa Kalgo.

Ta kuwa zo.

"To Baba, ina sakamakon?"

Ranar da aka cire wa Jummai ƙarin da ya fito mata a kafaɗa, makonni ke nan, an jefa tsokar cikin wata 'yar kwalba mai ruwan magani, aka ɗaure ta cikin leda tare da takardarta, aka damƙa wa Bawa. Aka ce washegari ya kai ɗakin gwaji a Sakkwato. Ya ce to. Ya yi sammako har tashar Gwandu, ya biya, ya zauna yana jiran mota ta cika. A nan wani Garba, irin mutanen nan da ba su da aikin yi sai sanin komai, ya leƙa ledar, ya ce ai ya san wurin, yanka naman mutum suke yi sala-sala, abin da ya rage su ƙone shi tare da shara.

Su ƙone.

Bawa ya sauka daga mota. Ya zagayo ta bayan gida, ya ɗauki fartanya, ya haƙa rami a gindin lalle, nan inda aka binne cibiyar 'ya'yansu duka, ya sa kwalbar yadda take, ya yi addu'a, ya rufe. Ya tafi Masama ya wuni wurin ƙanensa. Da yamma ya dawo gida yana miƙa, yana kukan nisan Sakkwato.

"Baba?" likita ya sake kira.

"Sun ce... bai hito ba tukuna."

"Har yanzu? Ina 'yar takardar da suka ba ka? In ga lambar in kira su."

Bawa ya yi wuf ya kai hannu riga. Ya shiga laluben aljihu, na dama, na hagu, na ƙirji, kamar takardar da ba a taɓa rubutawa ba za ta tausaya masa ta bayyana.

"Akuya ta cinye," in ji Jummai.

Su biyu suka juyo suka dube ta.

"Awo. Jar akuyar nan tawa. Ya aje bisa turmi, ta lashe. Ka san tsufa, Dakta. Nashi da nata."

Bawa ya sunkuyar da kai. Ya ji daɗi, ya kuma ji tsoro, bai san wanne ya fi ba. Ita dai Jummai ba ta dube shi ba, gyaran mayafinta kawai take yi.

Dakta Haliru ya ajiye biro. Ya jawo kujerarsa kusa da su.

"Bari in yi muku bayani yadda za ku gane me ya sa nake matsawa. Baba, kai manomi ne?"

"Tun kan a haihe ka."

"Madalla. Abin da na cire wa Inna, da ido ba a sanin ko mene ne. Zai iya zama ɗaya cikin uku. Na farko, kumburin tabo ne kawai, irin wanda ke tasowa inda wanzami ya taɓa yin ƙaho. Ita ma ta ce an taɓa yi mata a wurin."

"Tun ina amarya," in ji Jummai. "Shi ya kawo wanzamin."

"Ke kika ce kafaɗa na miki ciwo."

"Don ina ɗaukar maka abinci gona."

"To," likita ya katse su yana murmushi, "in shi ne, mun gama, sai godiya. Na biyu, wani ɗan ƙari ne da ke zama wuri guda kamar ƙwallon goruba. Ka cire shi, ka cire shi ke nan. Shi ma mun gama."



"Na ukun fa?" Bawa ya tambaya.

"Na uku ba kasafai ake ganinsa ba. Ni tun da na fara aiki ban ga fiye da biyu ba. A saman fata yake fitowa, a hankali, shekara da shekaru, ba zafi, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma ka san ciyawar tofa?"

Bawa ya gyaɗa kai. Wane manomi ne bai san tofa ba?

"In ka sare ta a sama?"

"Ta dawo. Saiwarta gehe take bi ta ƙarƙashi. Sai ka haƙe har inda ba ka zata ba."

"To haka yake. Abin da ya sa nake zarginsa, da na zo cirewa bai ɓanɓaru kamar ƙwallo ba, ya kama kitsen da ke ƙasa. In shi ne, dole in sake shiga, in yanke faɗin yatsa biyu ko uku ta kowane gefe, wataƙila har in ɗebo fata daga cinya in rufe. Kuma shi kansa iri biyu ne. Akwai mai zama a fata, iyakar sharrinsa ya dawo. Akwai wanda ya rikiɗe, shi yana iya tafiya cikin jiki."

Jummai ta daina gyaran mayafi.

"To su na Sakkwato, da mi za su gane?" ta ce.

"Za su yanko shi siriri, ya fi bawon albasa, su rina shi, su sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Kowane ƙari da irin zubinsa. Wannan na ukun, ƙwayoyinsa a jere suke suna zagaye, kamar saƙar faifai. Sai su ƙara wani rinin, in ya kama, sun tabbatar."

"Ka ji, Malam," in ji Jummai. "Ka hana ni saƙa, ashe ko a cikin jiki ban daina ba."

Ba wanda ya yi dariya sai ita, ita ma ba ta kai ƙarshe ba.

Bawa ya gyara murya. "Dakta. A ce... misali nika yi. A ce kwalbar ta ɓace a wurinsu."

"Allah ya kiyaye."

"Amin. Amma a ce."

Likita ya dube shi, kallon da ya ɗan daɗe fiye da yadda Bawa ya so.

"In ta ɓace, na zama makaho, Baba. Abin da zai gaya mini gaskiya duk yana cikin kwalbar nan, ban bar komai a jikinta da zan sake ɗiba ba. Sai in zaɓi ɗaya. Ko in yi mata babbar yanka a kan zato, wataƙila a banza, hannun ya daɗe bai koma daidai ba. Ko in bar ta, mu zauna jira, in tofa ce ta yi ta bin ƙasa ba mu sani ba."

"In an same ta kuma? Ba ta lalace ba?"

"Muddin murfin na rufe, ruwan na ciki, tana nan lafiya."

Bawa ya miƙe tsaye tun ba a sallame su ba.

*

A mota Bawa ya zuba wa hanya ido. Jummai ta sayi gyaɗa, ta ɓare, ta miƙa masa, ya karɓa ya riƙe a hannu har Gwandu bai ci ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana cin abin da hannu ɗaya ya dafa, ba ya sanin darajar hannun sai ranar da wani yaro mai farar riga ya auna masa shi da yatsu uku.

Da aka yi la'asar ya ce zai duba awaki.

Ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan ɗaki. Gindin lalle yana nan yadda ya bar shi, har da ɗan dutsen da ya ɗora alama. Ya ɗage dutsen, ya fara sara a hankali don kada ya fasa kwalba. Da ya kai zurfin tafi sai ya ajiye fartanya ya koma tono da hannu.

Ƙasa.

Ya ƙara zurfi. Ƙasa da saiwar lalle.

Ya faɗaɗa ta dama. Ya faɗaɗa ta hagu. Gumi ya jiƙa masa riga, ƙasa ta cika masa farce. Ya tuna karnukan unguwa, ya tuna ruwan da aka yi kwanaki, ya tuna yaran maƙwabta masu tsallako danga. Ya zauna daɓas a bakin ramin.

"Innalillahi," ya ce. "Na kashe ta. Da hannuna."

"Wa kak kashe?"

Ya waiwaya. Jummai ce tsaye, da kwanon fura a hannun hagu.

"Rijiya kaka gina muna? Ai da ka matsa gaba kaɗan, nan kusa da makewayi ne."

"Jummai..."

"Ko gyaɗa ka shuka ka manta?"

"Jummai, zauna. Akwai maganar da zan gaya miki."

Ta jawo turmi da ƙafa, ta kwantar da shi, ta zauna. Ta ajiye furar a tsakaninsu.

"Ban tahi Sakkwato ba," ya ce.

"Na sani."

"Kwalbar nan, ban..." Ya tsaya. "Mi kika ce?"

"Na ce na sani. Sha hura."

Bai taɓa kwanon ba.

"Malam, shekara nawa ina jin saran fartanyarka? Kai kaɗai ne a garin ga ka sara biyu ka yi tari. Ina kwance cikin ɗaki, ɗinki na ja na, na ji ƙaf, ƙaf, sai tari. Na ce ikon Allah, mutumin da ke hanyar Sakkwato ga shi yana noma bayan ɗakina."

"Kika yi shiru?"

"Da yamma ka shigo kana ɗingishi, wai zaman mota. Har da tsaraba. Kilishin Hamidu na bakin tasha, ka ce na Sakkwato ne. A cikin takardar da Hamidu ke naɗe wa kowa."

"Kin ci kuwa."

"Na ci mana. Ƙarya ce ba ta da daɗi, kilishin lafiya lau."

Bawa ya dubi ramin, ya dube ta.

"Ina take?"

"Kana hita Masama na ta da Rahama." Rahama ita ce babbar 'yarsu, tana aure a Sakkwato, ta zo jinya a lokacin. "Na ce ɗiyata, zo ki ga abin da ubanki ya shuka. Ta tono da muciya. Ta mai da ƙasa, ta mai da dutsenka yadda kab bar shi. Da za ta koma gidanta ta tahi da ita cikin jaka, ta kai inda aka ce."

Bawa ya rufe fuska da tafukansa masu ƙasa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Jummai ta bar shi ya yi, ta kori kazar da ta nufo furar.

Da ya ɗago, ƙasa ta yi masa zane a kumatu.

"Kika bar ni makonni ina kwana ido biyu."

"Awo."

"Kika bar ni yau gaban yaron nan ina laluben aljihu."

"Na ba ka akuya, ba ka gode ba."

"Don mi ba ki gaya mai gaskiya ba? Da hankalinai ya kwanta."

"In ce mi? In ce Dakta, mijina ya binne aikinka a gindin lalle? Gobe a ji a Kalgo, jibi a ji a kasuwar Gwandu, a riƙa nuna ka? Ban tona maka asiri ba kana da baƙin gashi, ba zan fara ba yanzu da ba ka da ko fari." Ta gyara zama bisa turmin. "Kuma na so ka ji da kunnenka. In ni na hwaɗa, cewa za ka yi maganar mata ce."

Gaskiya ce, kuma ya san gaskiya ce, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ba don mugunta na yi ba, Jummai."

"Wa ya ce mugunta?"

"Cewa aka yi ƙonewa suke. Da shara. Na dubi ledar nan bisa cinyata, na ce wagga tsoka ita ta ɗauki tulu, ita ta goya min 'ya'ya shida. A jefa ta wuta kamar tsumma? Mu da ko farce muka yanke sai mun tona mun rufe? Ranar da za a tashe mu, in ce miki mi?"

Jummai ta kau da kai wajen danga.

"Wanda ya halicce ta daga babu," ta ce a hankali, "ba zai rasa inda take ba don ta bi ta Sakkwato. Malam, gara a ƙone loma ɗaya da ka binne ni duka."

"Kada ki ƙara hwaɗin haka."

"To kada ka ƙara sa ni."

Ta tura masa kwanon da ƙafa. Wannan karon ya ɗauka, ya kurɓa, furar ta ɓata masa gemu. Ta miƙa gefen mayafinta ta share masa, da hannun hagu, tana tsaki.

"Kuma na sa Rahama ta roƙe su," ta ce. "In sun gama dubawa, abin da ya rage su ba ta. Ta kawo maka. Ka binne abinka, ka yi addu'arka, ka ɗora dutsenka. Tun da ga rami ka riga ka gina, har ya ishi mutum biyu."

"Sun yarda?"

"Sun ce ba a saba ba. Ta ce su ma ba su saba da ubanta ba."

Dariya ta kuɓuce masa, ta haɗu da kuka, ta zama wani abu mai kama da tarin da yake yi in yana sara. Jummai ta bubbuga masa baya.

"To yanzu," ya ce da ya samu numfashi, "mi suka gani?"

Hannunta ya tsaya a bayansa.

"Jummai."

"Sun duba na farko."

"Suka ce mi?"

"Ba tabon ƙaho ba ne." Ta janye hannun ta ɗora a cinya. "Ba ƙwallon goruba ba ne kuma."

Bawa ya ajiye kwanon a hankali, kamar kwanon ne zai ji ciwo.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun shekaranjiya. Rahama ta ce sun ga saƙar. Ban gane mi take nuhi ba sai yau da Dakta ya yi bayani. Ta ce saura rini na biyu, da wani babban likitansu da zai sake dubawa, ya ga ko mai zama ne ko mai tahiya."

"Kina zaune gaban likita kina ba'a, kin san wanga?"

"In ban yi ba'a ba mi zan yi? Kai ka riga ka ɗauke kukan duka, ba ka rage min ba."

"Yaushe za su gama?"

"Sun ce yau."

Kamar jira ake ta faɗa. Daga ƙullin zanenta wayar ta fara kuka, 'yar ƙaramar nan mai madannai da Rahama ta saya mata. Ta kwance ƙullin da hannu ɗaya, ta dubi fuskar wayar. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san surar sunan 'yarta.

Ba ta ɗauka ba.

Wayar ta yi ta kuka har ta gaji ta yi shiru. Ta sake farawa.

Sai a lokacin Bawa ya gane tsoro take ji. Matar da ta haihu shida ba a ji muryarta a tsakar gida ba, matar da aka ɗinke ta tana ba likita labarin tsadar kaba.

Ta miƙo masa.

"Ɗauka, Malam. Ni na yi nawa."

Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya danna, ya kai kunne.

"Salamu alaikum."

"Baba?" Muryar Rahama ta zo da ƙarar mutane a bayanta. "Kai ne? Ina Inna?"

"Ga ta nan."

"Ta gaya maka?"

"Ta gaya min duka. Kina ina?"

"Ina wurin. Yanzu na fito daga ofishin babban likitan." Ya ji tana jan numfashi. "Baba, Inna na kusa da kai?"

"Awo."

"Ka ɗan matsa daga inda take."

Bawa ya yunƙura zai tashi. Bai iya ba. Ya duba ƙasa, ya ga Jummai ta damƙe bakin rigarsa, da hannun dama, hannun da aka hana ta motsawa. Ba ta dube shi ba. Ramin take kallo.

Ya koma ya zauna. Ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tata, ya sa wayar a tsakanin kunnensa da nata.

"Ba inda za ni, Rahama," ya ce. "Hwaɗi, muna ji."